Ɗigon Fenti a Kan Noti

Tayoyi huɗu, jek, man birki, hular kwano, kula cike da burodi da ƙanƙara. Motar tserena tana kan tirela a bayanmu, Baba yana tuƙi, saura mil tamanin mu isa filin tsere.

A gidan mai na sauka in duba ɗauri. Shekara talatin Baba yana shirya motocin tsere, kuma dokarsa ɗaya ce: notin taya ba ya samun ɗigon fenti sai sifanar awo, mai auna ƙarfin ɗauri, ta yi ƙas, alamar ya ɗauru. Duka ashirin ɗin suna da ɗigonsu rawaya. Na taɓa ɗaya saboda sabo, sai ya juya a yatsuna. Na biyu ma haka. A kansu zan shiga kwana gobe da gudun mil ɗari.

Baba ya fito daga kanti yana kurɓar kofi. "Ke, sufeto, aikina kike bincike?"

Na kwance notin, na sa masa a tafin hannu.

"Jiya na ɗaure su," in ji shi. "Da kunnena na ji ƙas, sau ashirin."

"Baba, sifanar tana gidana tun Litinin. Kai ka ba ni in kai gwaji."

Ya daɗe yana kallon fentin da ya bushe a babban yatsansa.

Na karɓi makulli, na zaunar da shi a kujerar fasinja, na rufe ƙofar.

"Ba fili za mu ba. Wurin likita za mu."