Famfon Tudun Makeri

Tun da aka daina tura masu duba ayyuka ƙauyuka, kowane famfon tallafi shi ke kai rahoton kansa. Muddin ana tuƙa shi, fitilarsa kore take a allon ofis can birni. Ta Tudun Makeri shekara uku ba ta taɓa yin ja ba, shi ya sa aka aiki Asabe, jami'ar tantancewa, ta kai wa garin lambar yabo.

Ta tarar da wata tsohuwa, Gwaggo Kande, tana ta tuƙi, ruwa na malala ƙasa.

"Sannu da aiki, Gwaggo. Ina bokitin?"

"Zartsi ne, 'yar nan, ko akuya ba ta sha. Rafi muke zuwa. Wannan kuwa kowace mace da ranarta, kada fitila ta yi ja masu taimako su yi fushi da mu."

Asabe ta tara hannu ta kurɓa, ta tofar. Sai ta lura da tafin hannun tsohuwar, duk ya yi kanta. Kunya ta kama ta.

"Saki, Gwaggo. In da laifi, a kaina."

Da ƙyar tsohuwar ta yarda. Suka zauna a inuwa, mata suka taru. Kafin la'asar wayar Asabe ta yi ƙara, injiniya ne daga ofis, ya ga fitila ta yi ja, yana tambayar abin da ya sami famfon, ko su taho da motar haƙa rijiya.

"Ga wadda ta sani," in ji Asabe, ta miƙa wayar.

Gwaggo ta gyara zama. "Ɗan nan, kana da lokaci? Zancen da tsawo."