Rafin Bayan Kebbe

Armaya'u yana tsakiyar rubutu a allo wayar ta yi ƙara a aljihunsa. Saƙon ƙanwarsa Mu'minatu ne daga ƙauye: kububuwa ta sari Baba a gona, ƙafa ta kumbura, Sidi ma'aikacin lafiya yana kansa, amma babu allurar dafi a hannunsa.

Ko allin bai tsaya ɗauka ba da ya faɗi.

Shekararsa biyu yana koyarwa a Tambuwal, kuma rabin rayuwarsa ta koma cikin wannan ƴar waya mai tocila. Ƙauyensu yana can bayan Kebbe, inda kira ba ya shiga. Kafin a amsa maka sallama layi ya tsinke. Saƙo kaɗai ke ratsawa, shi ma sai ya ga dama, kuma sai Mu'minatu ta hau tudun bayan masallaci ta ɗaga wayar sama. Da saƙo yake jin ranar taron malamai, da saƙo yake neman motar kasuwa, da saƙo yake gaida Baba. Tsohon yakan ce gaisuwar da ba a durƙusa ba rabin gaisuwa ce, amma fa sai ya sa an karanta masa sau biyu.

Yau ma saƙon ne ya yi aiki. Ɗaya ya tafi wurin hedimasta neman izini. Ɗaya ya zo daga Sidi ɗauke da sunan allurar, harafi bayan harafi. Armaya'u ya riƙa nuna fuskar wayar a shagunan magani, na farko babu, na biyu babu, sai a na uku aka zaro ta daga firiji. Ya sa ta a filas da ƙanƙara, ya ari babur ɗin Gidaɗo abokin aikinsa. Kafin ya tayar ya rubuta: "Na samu allura. Ya jikin Baba?"

Shiru.

Ya kama hanyar Kebbe, ramuka suna jifa da shi sama suna cafewa. Sai da ya ci rabin tafiya ya tuna da rafin da ke tsakanin Kebbe da gida. Watan Agusta ne, kuma bara war haka rafin nan ya tafi da mutum har da sansa na noma. Ya taka birki, ya rubuta: "Rafi fa? Babur zai wuce?" Ya danna, ya cusa wayar a aljihu ba tare da ya duba ba, ya ci gaba.

Bai yi nisa ba ta yi ƙara.

"Ya cika. Ka taho a hankali, Yaya."

A hankali! Ransa ya ɓaci. Yarinyar nan ta san dafin kububuwa kuwa? Zagaye ta gada zai cinye masa awa biyu, ƙanƙara kuma ba ta jiran kowa. Armaya'u bai iya iyo ba, ko a kududdufi bai taɓa gwadawa ba. Amma a ransa ya gama yankewa: ko shi da allurar su haye, ko rafin ya haɗa su duka ya tafi da su.

A Kebbe ya tsaya wurin Maccido mai faci, ya ce a hura masa tsohon tiyub na mota, a ba shi igiya.

"Mi za ka yi da tiyub, Malam?"

"Rafinmu ya cika."

Maccido ya ɗaga kai ya dubi sama. "Ikon Allah. Kwana fuɗu ba mu ga ɗigo ba nan. To, ruwa ba shi shawara, ƙila gabas anka yi shi."

Armaya'u bai ji ƙarshen maganar ba. Ya rataya tiyub a kafaɗa ya ba babur wuta. A bakin kasuwa ya wuce wani maƙwabcinsu yana ɗaure ƙunshin farin yadi a bayan keke. Gaba kaɗan ya wuce dattawa uku da carbi a hannu, sun nufi inda ya nufa. Ɗayansu ya gane shi, ya ɗaga hannu yana kiran sunansa. Bai tsaya ba. Gaisuwa ta jira, ai ba yau aka fara ta ba.

Tsoro ya cika shi, ba na ruwan kaɗai ba. A wannan rafin, lokacin yana yaro, Baba yake saɓa shi a wuya duk damina, ya haye da shi zuwa makaranta, ruwa har ƙirji, yana cewa, "Riƙe littafinka, ni na riƙe ka." Armaya'u ya riƙa addu'a a bayyane, iska tana kwashe kalmomin. Allah ka ba ni awa ɗaya. Rabin awa ma ta isa.

Kafin kwanar ƙarshe ya sauka. Ya tuɓe riga, ya naɗe filas a leda, ya ɗaure shi a kansa tamau, ya zura tiyub har ƙugu. Ya yi bisimilla, ya zagaya kwanar da gudu.

Awaki biyu na tsaye a tsakiyar rafin suna shan ruwa. Wasu mata suna hayewa, ko zane ba su ɗage ba. Ruwan bai kai idon sawu ba.

Ya daɗe a tsaye, ruwan ƙanƙara yana bin wuyansa. Sannan ya zaro wayar, ya buɗe wurin saƙonni.

Tambayar rafin tana nan kwance, ba ta taɓa fita daga wayarsa ba. Saƙo ɗaya ne ya isa hannun Mu'minatu, shi kuma ta amsa: "Ya jikin Baba?"