Gaisuwar Bayan Katanga

Tun da aka tura Mutawakkil bautar ƙasa can Kudu, Gwaggo Rahmatu gangar jikinta ce kawai a Kurfi. Tana tankaɗen gari, hankalinta na can bakin wani kogi da ba ta taɓa gani ba. Sai ta hango ɗanta cikin kaki a inuwar kwakwa, wata tsohuwa da ba ta san fuskarta ba tana miƙa masa kwano. Kullum roƙonta ɗaya ne, Allah ya haɗa shi da mai tausayi.

Bayan katangarta kuwa wata 'yar bautar ƙasa ce ke haya, ita ma daga Kudu, tana koyarwa a makarantar 'yan mata. Kowace safiya takan ɗaga murya da gurguwar Hausarta: "Mama, ina kwana?"

Gwaggo, da ko akuyar maƙwabta ta yi tari sai ta leƙa, iyakarta "Uhm."

Wata maƙwabciyarta, Hajiya Basma, ta taɓa ce mata, "Gwaggo, ko ɗan tuwo ba ki miƙa ma ɗiyar mutane?"

"Mi ya haɗa ni da ita? Yarenmu ba ɗaya ba, alƙiblarmu ba ɗaya ba."

Wata safiya gaisuwar ba ta zo ba. Washegari ma shiru. Gwaggo ta lura sarai, amma ta ce kunnenta ya huta, ta koma kogin mafarkinta.

Sai da malaman makarantar suka ɓalle ƙofar ɗakinta aka tarar zazzaɓi ya gama cinye yarinyar. Kafin a kai asibiti a Dutsin-Ma rai ya yi halinsa.

A makon ne Mutawakkil ya kira.

"Gwaggo, saura kaɗan ki rasa ni. Zazzaɓi ya kwantar da ni a ɗaki. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da ni ta ji ban gaishe ta da safe ba, ta sa aka buɗe ƙofa. Da hannunta ta riƙa ba ni ruwa."

Gwaggo ta dubi katangar.

Da uwar yarinyar ta zo kwasar kaya, ta nemi a kai ta gidan Mama. Ta durƙusa ta kama hannun Gwaggo tana kuka, direbanta yana fassarawa.

"Ta ce ta gode. Wai Ugochi kullum tana gaya mata kada ta damu, tana da uwa a bayan katanga."

Ranar ce Gwaggo ta fara jin sunan yarinyar. Har yau da asuba takan ji kamar ana gaishe ta, ta amsa da ƙarfi, amma babu kowa.

Jama'a, ƙasar nan tamu ce duka. Baƙon da aka turo ƙofarku ɗan wata ne, ku riƙe shi yadda kuke roƙon a riƙe naku.