Sunan da Kwamanda Ya Tuna

Shekara talatin bayan yaƙi, aka buga littafin da kwamandan 'yan tawaye ya riƙa rubuta abin da ya faru kullum a cikinsa. Wata tsohuwa da aka kawo wa littafin ba ta iya karatu ba, sai ta ture ƙullun masararta gefe, ta miƙa wa 'yarta shi.

"Nemo min ranar da sojoji suka harbe babanki. Wata tara yana yi wa 'yan tawaye jagora a duwatsun Quiché, ai dole kwamanda ya yabe shi."

'Yar ta samo shafin, ta tsaya tana kallonsa.

"Karanta mana, ko kin zama bebiya?"

"Cewa ya yi, 'Yau mun rasa Canela da ɗan jagora. Samun madadin Canela zai yi wuya.'"

Tsohuwar ta san Canela. Alfadararsu ce, ita ce ma ta raɗa mata sunan.