Ƙofar da Ba a Sunkuyawa

Mutum irin Armaya'u ba ya sunkuyar da kai don shiga gidansa. Haka ya faɗa da ya dawo Ruma daga fatauci a Birnin Katsina. Ya ce a fasa ƙofar zauren da kakansa ya gina, a ɗaga ta har ya riƙa shigewa bisa doki.

Surukinsa Jinjiri magini ya yar da tubalin hannunsa. "Kai yaro! Waɗanda suka kafa unguwar nan ba gajeru ba ne. Sun matse ƙofa ne don kada dokin mahara ya shiga. 'Yata Hansai tana cikin gidan nan!"

"Baba, zamanin ginin tsoro ya wuce. In ba za ka yi ba, akwai magina a Birni."

Jinjiri ya yi aikin yana huci.

Bayan girbi mahara suka faɗo da hantsi. Duk ƙofofin unguwar suka hana dawaki shiga, wanda ya sauka ya sunkuyo kuwa kulki na jiransa. Gidan Armaya'u kaɗai suka shiga a sukwane, suka tafi da Hansai.

Armaya'u ya tsira. Da rarrafe ya shige zauren Jinjiri.

Washegari ya tara jama'a yana bayanin yadda magini ya cuce shi da ƙyaure marar kauri. Jinjiri ya ɗebo ruwa. Ya kwaɓa ƙasa, ya fara mayar da ƙofar yadda take a da.

A tsakar gida turmin Hansai yana nan, kaji na tsince geron da ta fara surfawa.