Dasashin Gidanmu

"Kawo mini amaryata nan," in ji mahaifina. Yana zaune a bakin hanyar ruwan Kadawa yana goga goro a magogi, domin haƙoransa sun daɗe da nutsewa cikin dasashi.

Na kawar da kai, kamar yadda na saba tun dawowata daga jami'a a shekarar tamanin. Naman nan ja mai kauri da ke turo leɓɓansa waje yana tayar mini da zuciya, har tumatirin gonarsa ba ya ciyuwa a wurina. Matata tana zargin ruwan dam ɗin da muke sha ne ya jawo shi. Ni na karanta, na san gado ne: ya tsallake ni, ya sauka a bakin 'yata mai shekara huɗu.

"Na ƙi ka, tsoho, ba ka da haƙori," yarinyar ta ce masa.

"Ke naki suna ina, uwar tsiwa?"

Suka tuntsire da dariya, baki buɗe, ja da ja.

Sai ta waiwayo ta gan ni. Nan take ta haɗiye dariyar, ta rufe bakinta da hannu biyu. Ban taɓa ce mata komai ba. A fuskata ta koya.