Ƙofar Kaya

Tun da baƙin nan na ƙetaren teku suka shimfiɗa layin dogon da ke kwashe ma'adinai zuwa bakin ruwa, shingensa ya raba garin gida biyu, mutane a yamma, maƙabarta a gabas. Ƙofa ɗaya ce a tsakani, kuma ba ta buɗewa sai ga kayan sayarwa da masu dakonsu.

Dab da la'asar Barau ya iso da makarar mahaifiyarsa, jama'a na biye. Wasiyyarta ɗaya ce tak: a kwantar da ita kusa da mijinta.

"Malam Barau, Allah ya jiƙan Inna," in ji Mamuda mai gadi. "Wallahi ba ni ke buɗewa ba. Na'ura ce, ba ta san gawa ba. Zagayawa ta gada kuwa tafiyar yini ce."

"To, mu mayar da ita ɗaki ke nan?"

Mamuda ya ƙura wa likkafanin ido.

"Ai wannan yadi ne. Ku ɗora a sikeli, in shigar da shi."

Barau ya cije leɓe, ya dubi liman. Liman ya gyaɗa kai. Suka ɗora ta a hankali, kamar kada ta ji.

Ƙofa ta buɗe. Barau ya sauke ajiyar zuciya. Inna za ta kwana inda ta ce.

Suna wucewa, na'urar ta yi magana da tattausar murya: "Yadi, kilo arba'in da bakwai. Allah ya ba da kasuwa."

Babu wanda ya ce amin.